Darussan Baba Daga Bayan Asabari

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Haliru, wanda mutanen Wurno suka fi sani da Mai Ƙofa. Amma idan aka tambaye ni yaushe abubuwa suka fara lalacewa a gidanmu, ba ranar mutuwarsa zan ambata ba. Ƙarfe biyar saura kwata na yamma ne, shekara uku kafin nan, ranar da ya kwance murfin kwamfuta a kan tabarmar zaurenmu. Na san lokacin domin akwai agogon bango a saitin kansa, kuma shi na ƙura wa ido don kada in yi kuka.

Ina da shekara goma sha ɗaya a lokacin. Na fito daga wankin shinkafa, hannuna da lema, na tarar da shi da yayana Bello sun sunkuya a kan akwatin. A ciki akwai wani koren allo mai siraran layuka, kamar yadda fangalan shinkafa suke idan mutum ya hango su daga kan gaɓar dam. Ban san sanda na miƙa yatsa ba. Ƙotar sukundireba ta sauka a bayan hannuna.

"Ke Bebiya, mi ya kai hannunki nan? Wagga ba tukunya ta ba. Kada in ƙara ganin ƙafarki cikin zaurenga."

Sunana Luba. Bebiya yake kirana saboda ba na yawan magana, kuma har ya bar duniya ban ji ya kira ni da wani suna ba. Ban ƙara taka zauren ba sai in wucewa zan yi. Sai dai akwai wani ɗan lungu tsakanin zauren da tsakar gida, asabari ne kawai ya raba su. Nan na mayar da wurin tsintar shinkafa, da gyaran albasa, da duk wani aikin da ake yi a zaune. Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne wata tambaya da na ɗauka daga wannan lungu har zuwa ajin ƙarshe na jami'a, inda nake karatun injiniyancin kwamfuta yanzu: shin Baba ya san ina wurin, kuma da ni yake?

Ya kamata masu karatu su san ko wane ne shi. Ya yi shekaru yana buɗe wa manoma ƙofar ruwa a aikin noman rani, shi ke cewa yau ranar wane ce, gobe ta wane. Da aikin ya ja baya sai ya koma gyaran injin ban ruwa, har daga Kwargaba da Lahodu ana kawo masa. Daga baya ya saba da wani malamin sakandare, Malam Yohanna, mutumin Zuru, wanda ya nuna masa kan kwamfuta. Da aka yi wa malamin canjin wurin aiki ya sayar masa da tasa. Baba ya shiga haɗa bidiyon biki da suna da wankin hoto a zaure. Mutum ne mai kaifin kai, ban taɓa ganin wanda ya kai shi saurin gane inji ba. Haka nan ban taɓa ganin mai kaifin harshe kamarsa ba. Ana cewa a faɗi alherin mamaci, na kuwa faɗa. Sauran ma gaskiya ce.

Kowace yamma bayan la'asar yakan zaunar da Bello ya koya masa, da murya mai ƙarfi, kuma komai da ruwa yake kwatanta shi. Daga nan na fara jin labarin ramukan da ke jikin babban allon kwamfuta, waɗanda ake soka kati a ciki idan ana so a ƙara mata wani aiki: katin hoto, katin sauti, katin da ke karɓo bidiyo daga kyamara, katin da ke haɗa ta da wata kwamfutar. Ya ce a tsofaffin injuna duk katunan hanya guda suke bi zuwa ga ƙwaƙwalwar injin, kamar gonaki a kan magudana ɗaya. Idan wannan yana shan ruwa dole wancan ya jira. Idan aka sami mai nawa a cikinsu, kowa sai ya bi tafiyarsa. A sabon tsari kuwa, wanda a littafi ake kira PCI Express, kowane rami da nasa bututun tun daga tushe, ba ya jiran kowa, ba ya sauraren maganar da ba tasa ba.

Bututun nan shi ake kira layi. Kowane layi waya huɗu ne, biyu na kai saƙo, biyu na dawo da shi, duka a lokaci guda, ba kamar kwalbatin da sai mota ɗaya ta wuce ɗaya ke shiga ba. Ƙaramin kati layi ɗaya ya ishe shi, shi ya sa raminsa gajere ne. Akwai mai huɗu, akwai mai takwas. Katin hoto, wanda ya fi kowa ƙishi, goma sha shida yake sha, raminsa shi ne dogon nan mai ɗan maƙale a ƙarshe. Gajeren kati yana shiga dogon rami ya yi aikinsa, domin da an kunna wuta ɓangarorin biyu sai sun gaisa tukuna. Wannan ya faɗi yawan layukansa da iyakar gudunsa, wancan ya faɗi nasa, su tsaya a kan abin da mai rauni a cikinsu zai iya. Na tuna Baba ya yi dariya a nan ya ce inji ya fi mutum ladabi.

Bello yana hamma. Ni kuwa a bayan asabari ina jera ƙwayoyin shinkafa a kan faranti, huɗu-huɗu, ina ƙirga layuka.

Akwai darasi ɗaya da yake yawan maimaitawa. Layukan da ke fita kai tsaye daga ƙwaƙwalwar injin ƙididdigaggu ne. Mafi yawansu katin hoto ake ba. Sauran ramukan sai su bi ta hannun wata 'yar na'ura a kan allon, wadda ke tara saƙonsu ta wuce da shi ta ƙaramar hanya. Wannan tsari ya yi masa daɗi ƙwarai, domin shi ne aƙidarsa tun yana kan ƙofar ruwa. "Ruwa in ya kasa ba a raba shi daidai," in ji shi. "Gonar da za ta yi, ita aka ba. In ka raba daidai kowa ya yi asara." Manoman da gonakinsu ke wutsiyar magudana sun san wannan magana a jikinsu. Wani dattijo da alkamarsa ta bushe a tsaye wata shekara bai sake amsa gaisuwar Baba ba har mutuwa ta raba, Baba kuwa ko a jikinsa. A gida ma haka rabon yake. Bello na da layi goma sha shida. Ni duk abin da zan faɗa wa Baba, ko kuɗin littafi ne ko ciwon kai, sai ya bi ta hannun Inna.

Amma ga abin da na gaya wa kaina. Bello yana zaune gwiwa da gwiwa da shi, me zai sa ya ɗaga murya haka? Me zai sa ya maimaita abu sau uku, a hankali, yana kallon wajen asabari? Sai na yanke cewa Baba mutum ne mai girman kai, ya riga ya kore ni a gaban ɗansa, ba zai iya janye maganarsa ba, don haka ya samo hanyar koya mini ba tare da ya sauko ba. Kurum ma magana ce, in ji masu iya magana. Na riƙe wannan da hannu biyu.

A damina ta biyu da fara darussan ne abin ya faru. Baba ya tafi Rabah ta'aziyya, ya bar wa Bello aikin bidiyon wani biki da za a karɓa washegari. Hoto ya fara rawa a fuskar kwamfutar, yana ɗaukewa yana dawowa. Bello ya zare katin hoton ya duba, ya ga haƙoran nan masu ruwan zinare da ke shiga cikin rami sun dushe saboda laima. Tun yana ƙarami Baba ya koya masa cewa idan injin ban ruwa ya ƙi tashi, a cire fulogi, a goge bakinsa da samfefa har ya yi haske, a wanke da fetur. Duk yaron da ya tashi a fadama ya san wannan. Bello ya ɗauko samfefa ya goge haƙoran katin ciki da baya, da kyau, da zuciya ɗaya, har jan ƙarfen ƙasa ya fito, wasu haƙoran suka cinye. Ruwan zinaren bai kai kaurin fatar albasa ba. Da ya mayar da katin, ramin ya yi sallama, ba wanda ya amsa.

Da Baba ya dawo bai doke shi ba. Da ma dukan ya yi. Ya juya katin a hannunsa ya daɗe yana kallo, sannan ya tsinko igiya daga bakin buhun albasa, ya zura ta a hujin ƙarfen katin, ya ƙulla, ya rataya wa Bello a wuya. Ranar kasuwa ce. Ya ce ya je ya sayo masa goro a can ƙarshen kasuwa, a ƙafa, kuma in ya kuskura ya cire ko ya tura cikin riga, kada ya dawo gidan. Bello yana da shekara goma sha bakwai, har ya fara tsayawa zance. Inna ta aike ni in bi shi daga nesa. Na ji abin da aka ce masa a rumfar masu tafarnuwa.

"Bello, layar mi ta wagga? Ta farin jini?"

Wani ya karɓe, "A'a, ta ɓacewa ta."

"To ka mayar ma bokan, ba ta aiki. Ga ka nan muna ganin ka."

Mata masu awo suna rufe baki da gefen mayafi. Wani ya biyo shi yana roƙon ya shafa masa a kai ko ya sami ilimin Bature. Bello bai yi sauri ba. Ya sayo goron, ya dawo, ya ajiye a gaban Baba, ya cire igiyar ya ɗora a kai. Kafin a yanke shinkafar wannan shekara ya hau motar albasa zuwa kudu. Yau shi babban dillali ne a can, yana da iyali, yana aiko wa Inna da duk abin da take so. Har yanzu ko wayar hannunsa ta lalace ba ya yarda a buɗe ta a gabansa.

Na ɗauka darasi ya ƙare ke nan. Baba ya sayar da wani injin ban ruwa ya sayo katin hoto na hannu daga Sakkwato, ya ci gaba da aiki shi kaɗai. Sai wata yamma ina lungu na ji muryarsa ta tashi kamar da. Na leƙa ta tsakanin karan asabari, ba kowa a zauren sai shi. Yana soka kati yana bayani: a kama shi ta gefe, kada a taɓa haƙoran, a daidaita tsagar da ke jikinsa da tudun da ke cikin ramin, a danna har maƙalen ya ce ƙas. In haƙoran sun dushe, ƙyalle mai laushi ko abin goge fensir, ba samfefa ba. Haka ya riƙa yi kusan kullum har ya kwanta ciwo. A wurina shakka ta ƙare. Babu Bello, babu almajiri, babu baƙo. In ba da ni yake ba, da wa yake?

Ciwon bai daɗe ba. Na yi jinyarsa tare da Inna, ina jiran wata kalma. Abin da na samu shi ne, "Bebiya, ba ni ruwa." Bello bai iso ba sai bayan an dawo daga maƙabarta. Aka sayar da kwamfutar a rabon gado, ban ce komai ba, domin ina ganin nawa gadon yana cikin kaina.

Da shi na shiga jami'a. Ranar da malaminmu ya zana wannan tsari a allo, na zauna ina jin kamar an fassara mini maganar Baba zuwa Turanci. Na kuma koyi abin da bai sani ba. Wayoyi biyun da ke kai saƙo tagwaye ne masu saɓani, idan ɗaya ta hau ɗaya sai ta sauka, don haka duk hayaniyar da ta faɗa musu a hanya tare take faɗa musu, mai karɓa ya zubar da ita. Saƙo a ƙulle-ƙulle yake tafiya, kowane da lambarsa da shaidar cewa bai lalace ba, in ya iso a yage sai a ce a sake aikowa. Mai aikawa ba ya sakin komai sai mai karɓa ya shaida masa cewa yana da wurin zubawa, abin da kowane mai ban ruwa zai gane, tunda ba a sakar wa fangalin da ya cika ruwa. Gaskiya kuma ta sa in gyara masa abu guda. Ya ɗauka duk dogon rami layi goma sha shida ne. Ba haka ba ne. Wani ramin tsawo kawai gare shi, a ciki layi huɗu aka ja masa, sauran haƙoran ba inda suka je. Daga waje ba a ganewa.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Ma'ajiyar bayanai da a zamaninsa ta kai bulo nauyi, yanzu 'yar siririya ce kamar yatsa, tana kwanciya a kan allon da layukanta huɗu. Kowane sabon zubi na tsarin sai ya kusan ninka na baya gudu, amma tsohon kati yana shiga sabon rami su gaisa su daidaita. Akwai ƙananan kwamfutoci da ke fito da layukan nan waje ta igiya ɗaya. Ina jin wannan zai burge shi, ko da yake ba zai nuna ba. Abin da ba zai yafe ba yana fadama. Daga nan har wajen Goronyo, manoma da yawa kowa ya haƙa 'yar rijiyarsa a gona, ya ɗora injinsa, wasu ma da hasken rana suke ja. Kowace gona da bututunta. Ba mai tsayawa da hula a hannu yana jiran Mai Ƙofa ya ga dama. Tsarin da ya yaba a cikin inji shi ne ya share irin aikinsa daga doron ƙasa, kuma ban ji wani manomi yana kewarsa ba.

To me ya rage na Malam Haliru bayan shekara tara? Ƙofofin da ya riƙe sun yi tsatsa. Bidiyoyin da ya haɗa suna kan faya-fayan da babu injin kallonsu. Ya bar ɗa wanda ya yi arziki ba ya son jin sunan sana'ar ubansa. Ya bar mata wadda ke yi masa sadakar waina duk Juma'a, ba ta kuma taɓa cewa ta yi kewarsa ba. Sai ni. Duk sanda na kama kati ta gefe, muryarsa nake ji, kuma duk wanda ya tambaye ni a makaranta ina na koyi wannan, nakan ce babana ne ya koya mini. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka abokan karatuna ke ce mini, ni kuwa ina jin daɗi a ɓoye.

Bana nake rubuta kundin kammala karatu, a kan wannan tsari ɗin dai. An bar mana shafi guda na sadaukarwa. Na tsara abin da zan sa: ga Baba, malamina na farko, wanda ya koya mini daga nesa. Amma ni mutum ce da ba ta iya rubuta abin da ba ta tabbatar ba, ko lamba ɗaya ce sai na bi ta sau biyu. Na sha tambayar Inna a shekarun nan. Kullum amsarta ɗaya, in yi masa addu'a in bar mamaci ya huta. Wannan karon da na je gida don sadakar cikar shekara, na same ta da hantsi tana turara shinkafa a tsakar gida. Na karɓi muciyar, na gaya mata abin da zan rubuta, na ce mata littafin zai zauna a ɗakin karatu bayan ni da ita mun mutu, don haka ina roƙonta don Allah ta gaya mini ko Baba ya san ina bayan asabari.

Ta daɗe tana gyara itace a murhu. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Ya sani, Luba. Ni da bakina na faɗa mai, bayan tafiyar yayanki. Na ce, Malam, ɗiyarka fa kullum tana nan tana saurare, ko za ka kira ta ciki? Bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, ni ba da ita nike ba, da Bello nike, ina gyara yadda zan faɗa mai in ya dawo ya gane. Na ce to ita fa? Ya ce ruwa in shina tafiya gona dole ya yi yoyo a bakin magudana, hakin da ya tsiro a wurin ya sha. Amma ba wanda ka aika ma haki ruwa."